Dashen da Ke Ƙarƙashin Butar Armaya'u

Shekara talatin da ɗaya Armaya'u ya yi yana aikin akawu a Tambuwal, kuma duk tsawon wannan lokaci bai taɓa riƙe fartanya ba, ko da yake ɗan manoma ne daga Jabo. Lokacin da mahaifinsu ke jinya, sau biyu kacal ya leƙa gida. Aiki ya yi yawa, in ji shi. Bayan rasuwar aka sare lemun tsamin da tsohon ya shuka, don a ƙara ɗaki. Armaya'u ya tsinci 'ya'ya huɗu a ƙasa, ya shuka ƙwayoyinsu. Guda ɗaya ce ta tsiro.

Ya dasa tsiron a tsohon bokitin fenti, ya ajiye daidai inda yake alwala, wai don ya sha ruwa mai albarka. Sau biyar a rana ruwan gaɓoɓinsa ke zuba a ciki. Da ganye ya fara yin rawaya, sai ya ce ƙishirwa ce, ya umarci matarsa Ni'imatu ita ma ta dawo da alwalarta nan.

Ganye goma sha ɗaya suka koma bakwai, suka koma uku. Ya daina zama majalisa. Kullum yana tsugune gaban bokiti yana ƙirga abin da ya rage, tuwo na hucewa a bayansa. Ya fi wata yana jan ƙafa kafin ya kira yayansa Bube, wanda shi ya yi jinyar tsohon, shi kuma ya sare itacen.

Bube ya zo a kan babur ranar kasuwa. Ya sunkuya ya shinshina bokitin, ya yamutsa fuska.

"Malam akawu, mi kaka ba shi?"

"Ruwa nika ba shi, Yaya. Ban taɓa fashi ba."

"Shinkafa ka shuka ko lemu? Ina hujin gindin bokitin?"

Babu huji. Bube ya kifar da shi, baƙin taɓo mai wari ya zubo. Saiwoyin sun ruɓe, suna narkewa a yatsa, sai guda ɗaya fara, siririya kamar zare.

"Zai yi rai?" in ji Armaya'u.

"Allah masani." Bube ya huda gindin bokitin da ƙusa wuri shida, ya cuɗa yashi da tsohon taki busasshe, ya yanke ruɓaɓɓun saiwoyin, ya mayar da dashen inda hantsi kaɗai ke taɓawa. "Tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In da danshi, kar ka zuba ko ɗigo."

"Ko na alwala?"

Bube ya ɗago ya dube shi. "Baba bai riƙe ka a zuci ba, Armaya'u. Rabu da itacen nan ya huta."

Wannan yafiyar ta fi zagi yi wa Armaya'u ciwo, domin da ita babu sauran abin da zai yi wa tsohon.

Kwana na uku ganye ɗaya ya sake faɗuwa, saura biyu. Da aka kira azahar ya zo da buta cike, ya tsuguna, ya tura yatsa. Da danshi. Butar ta karkata a hannunsa, ruwa ya kawo bakinta. Ni'imatu na kallo daga ƙofar ɗaki.

Ya miƙe da ƙyar, ya tafi can jikin katanga inda ba abin da ke tsirowa, ya yi alwalarsa a kan busasshiyar ƙasa.