Ma'aunin Ruwa a Ƙarƙashin Bedi

Karatuna na lakwal a aji biyar ya tsaya, amma Faransancin da na tsinta ya ishe ni in gane abin da aka nuna mana ranar kasuwar Dakoro, a rumfar mai cajin salula. Tsohon hoto ne na ƴan sama jannatin farko a kan wata. Ɗaya ya ɗauko kaya biyu a sanda kamar ɗan garuwa, yana tsalle-tsalle, sai da ya yi nisa da jirginsu kafin ya ajiye. Mai bayani ya ce na'urorin awo ne, in an dasa su kusa da jirgi, tashinsa zai ɓata su. Sauran mutane tsallen suke yi wa dariya. Ni na riƙe maganar.

Damina na ƙaratowa ƴan forje, ma'aikatan wani shirin taimakon manoma, suka zo ƙauyenmu da ma'aunin ruwan sama, wani mazurari a kan ƙarfe. Suna neman wanda zai riƙa dubawa yana rubutawa a kaye, wato littafin rubutu. Na so aikin nan ƙwarai. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa neman karatuna.

Maigari ya ce a kafa shi ƙofar gidansa, ƙarƙashin itacen bedi, inda baƙi za su gani. Har an fara haƙa rami. Na ce ganye zai tare ruwan, ko mutanen wata sai da suka nisanta kayansu.

Maigari ya dube ni. "Malam, kai yaushe ka dawo daga can?"

Aka yi ta dariya. Matar da ke jagorantar ƴan forjen ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta kalli bedin, ta ce da gaskiyata, a bar ramin nan. Aka kai ƙarfen fili, bakin gonata. Na riga na fara goge hannu a riga don karɓar kayen. Sai ta tambayi maigari wa ya ga ya dace, don haka tsarinsu yake. Bai ko kalli inda nake ba, ya ce surukinsa.

Yanzu damina uku ke nan. Awaki na susa da ƙarfen, ni ke miƙe shi. In an yi ruwa, surukin kan leƙo ta danga da kayensa a hamata, ya ce, "Baba, nawa aka samu?" In gaya masa, ya rubuta, ya sa hannu.