Ranar da na yi wa ƙudan zuma shara

Shekarun baya, ba a daɗe da cire Jigawa daga Kano ba, na samu aikin malamin gona a Gumel. Da ɗan babur ɗina da littafi a hammata, gani nake babu wanda ya kai ni sanin ƙasa da abin da ke cikinta.

Mahaifina yana da amya uku a kan wani gawo a gonarsa ta bayan Ɗanzomo. Shekara ashirin yana kula da su. A shekarar wani gyambo a ƙafa ya hana shi hawa bishiya, sai ya ce in je in duba masa su.

Da na hau, na tarar da wani baƙin abu mai danƙo ya toshe tsagogin amyar har bakin ƙofa. Na ce lallai kashin ƙudan ne. Na sa wuƙa na kankare biyu tas, na watsar a rairayi. Kafin in kai ta uku suka yi mini rubdugu, na diro ba shiri.

Na dawo gida da kumburarren leɓe ina ba da labarin tsaftar da na yi. Mahaifiyata ta miƙo hannu.

"Ina danƙon? Da shi nake shafe wa Malam ƙafa."

Na ce na zubar.

Mahaifina ya ce, "Malamin gona, ba kashi ba ne. Daga jikin itatuwa suke ɗebo shi su liƙe gidansu, ƙwaro ba ya ratsa shi. Katangarsu ka rushe."

Cikin mako uku tururuwa da tsutsa suka cika amya biyun, ƙudan suka tashi. Wadda harbi ya hana ni taɓawa ce kaɗai ta tsira, daga ita aka riƙa ɗan gutsuro wa ƙafarsa.

Tun daga nan, in na ga abu a gonar wani, sai na tambayi sunansa kafin in taɓa.

Na yi shekaru ina jiran mutanen gari su tsokane ni, shiru. Sai wajen zaman makokin mahaifina wani abokinsa yake ce mini, "Allah sarki Malam, ya ji zafin ƙudansa waɗanda fari ya kora." Ashe abin da ya faɗa wa kowa ke nan. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, da kewarsa.