Gaya Wa Wancan

Saura kaɗan in bar maganar nan ta mutu a cikina. Magana ce ta cikin gida, kuma waɗanda ke cikinta wasu suna raye, suna ma karanta Hausa, ko da suna yi suna tuntuɓe. To amma ran nan na kai wani fasinja unguwar Khumra a nan Jidda, ina zaune a mota ina jiran sa a bakin wani sito, sai wani lebura ya wurgar da guntun ƙarfe ya daki katako. Ƙwas! Wallahi sai da na kashe mota. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon gora ya san ƙarar nan. A gindin raga akwai allon katako, in ƙwallo ta shiga ba sai an busa usur ba, allon ne ke ba da labari. Da na ɗaga kai na dubi wurin sosai, sai na gane a kan filinmu aka gina siton. Tun ranar raina yake a ɓace, ni kuwa in raina ya ɓaci sai na yi surutu. Ka yi haƙuri, a kanka abin ya faɗo.

Na san abin da za ka ce: Bahaushe, a Jidda, da ƙwallon gora? Na yi aikin jirgin ruwa shekara da shekaru, na ba da labarin nan a Bur Sudan, na ba da shi a Karaci, na ba da shi a Kano a teburin mai shayi, ko'ina da dariya ake farawa. Baba ne ya kawo abin. A makaranta ya koya a Zariya, ya zo aikin hajji ya zauna, ya samu aiki a tashar jiragen ruwa tare da 'yan Pakistan. Su kuma ran Juma'a bayan la'asar wasan suke yi. Ya roƙi a ara masa gora, suka yi masa dariya, ya dinga cin su har dariyar ta ƙare. Daga nan ya fara tattara yaran unguwarmu Waziriyya, mu da ba mu da aikin yi sai jifan akuyoyin mutane.

Gidanmu hosh ne, tsakar gida ɗaya, ɗakuna a kewaye. In na rufe ido abin da nake fara ji shi ne warin man da Baba ke shafa wa gorori, ya jingine su a bango su sha iska, ya gauraye da ƙamshin ful da tamis, waken da gurasar da muke karyawa da su da safe. Lokacin zafi kuwa, iskar teku ta jiƙe ta yi nauyi, riga ta manne maka a baya tun kafin ka fara gudu, gora tana zamewa a hannu, sai mu naɗe mariƙinta da tsumman tsohon harami. In aka yi ruwan nan na Jidda da ke zuwa ba sallama, filin Khumra ya koma tafki, mu kwashe ruwa da gwangwanin madara muna waƙa. In hajji ya ƙarato a kulle gorori, kowa ya tafi Makka neman na abinci. Ni mai tsaron gida aka ba ni, ba don na iya ba, sai don Baba ya dube ni ya ce Allah Ya riga Ya yi ni da faɗin raga.

Manya uku ne suka kafa ƙungiyar. Baba, da wansa Baffa, da Kawu ƙanin Umma. Baba ne mai wasan, kowa Kyaftin yake ce masa. Kawu ne mai bas da kuma baki, don shi ke faɗa da alƙalin wasa. Baffa bai san kan gora da gindinta ba, amma yana da abin da ya fi gora, yana da tabi'iyya, wato shi ɗan ƙasa ne. Kawu ma haka, a Makka aka haife shi. Baba kuwa iƙama gare shi, takardar zaman baƙo, da kafili mai tsaya masa, sunansa ba ya hawa kan komai. Da lokacin yin rajista ya zo suka zauna a kan tabarma a hosh, suka raba ƙungiyar kashi uku. Baba ya ce, "Nawa a haɗa da na wana." Aka rubuta biyu da sunan Baffa, ɗaya da sunan Kawu, aka shafa fatiha, aka sha shayi. Halas, shi ke nan. Wa zai dubi wansa ya ce rubuta mini?

Ba kasonsa kaɗai Baba ya haɗa da na wansa ba. Baffa bai taɓa haihuwa ba, don haka da aka yaye Yaya, ɗan farin Baba, sai aka miƙa masa shi, Baffa ya rubuta shi a matsayin ɗansa. Da wannan Yaya ya zama ɗan ƙasa, ya yi makarantar gwamnati, ni na yi ta allo da ta titi. Kowa a hosh ya san wanda ya haife shi, shi ma ya sani. A waje ne ba a faɗa.

To ga inda abin yake. Ka san mu da kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba, bai taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Larabawan unguwa kuwa al'adarsu a kira mutum da sunan ɗansa na fari, Abu wane. Mai bakala, wato kantin layinmu, wanda ya san sirrin gidan, in ya ƙwala wa Baba kira da Abu da sunan Yaya, sai Baba ya wuce kamar da bango ake. Yaya yana tsaye yana gani. Abokansa na makaranta iyayensu suna sumbatar su a ka a bakin ƙofa, shi nasa uban ko amsa sunansa ba ya yi.

Ga shi kuma duk ƙungiyar ba wanda ya kai Yaya. Bahago ne, gora kuwa ba a yin ta bahaguwa, sai Baba ya koya masa juya wuyan hannu har ya zama ba mai iya karanta shi. Amma ta yaya ya koya masa? Ta bakina. Yaya yana tsaye nan kusa, Baba zai juyo wajena ya ce, "Gaya wa wancan ya sauke kafaɗarsa." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, an ce ka sauke kafaɗa." Yaya ya ce, "Na ji, ai ba kurma ba ne ni." In ya ci ƙwallo, allo ya ce ƙwas, yara suna ihu, Kawu yana rawa da hula a hannu, Baba sai ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Ni da nake raga ina hango fuskarsa ta ƙasa, haƙoransa duk a waje. Yaya daga can ƙeyarsa kawai yake gani.

Shekaru suka tafi, ni na bi teku, ƙungiya ta girma. Aka shimfiɗa koren kafet a filin, ana ba shi ruwa kamar gona. Aka fara biyan albashi, aka ɗauko 'yan wasa daga Jos da Lahor, kamfanoni suna rubuta sunansu a rigunanmu. Duk tafiyar da na yi ta Pakistan sai na dawo wa Baba da gorori a buhu. Ya tsufa, gwiwa ta ƙi, amma kullum da la'asar yana kan kujerarsa a bakin fili. Yaran Waziriyya da Khumra da ba su da takardar shiga ko'ina, wannan filin ne wurin da ba a tambayar su iƙama.

Sai Baffa ya rasu. Yaya ya gaji kashi biyu. Ba a daɗe da share makoki ba muka ji wai wani kamfanin otal a Abhur zai sayi ƙungiyar, a canza mata suna, a mayar da ita can bakin teku, a sallami yaranmu, filin kuma a sayar. Kawu ya sami Yaya a ofis ya ce, "Kai, ɗaya daga cikin biyun nan na Kyaftin ne, kana wurin aka shafa fatiha." Yaya ya ce masa da Larabci ya kawo takarda. Takarda! Mutumin da ya sha shayin ranar, ya ma zubar da kofi a kan tabarma aka yi masa faɗa. Kawu ya kai ƙara mahkama, wato kotu, ya ce in aka tabbatar da kason Baba, su biyu sun rinjaye shi, ciniki ya rushe. Lauya ya gaya mana magana ce mai haɗari ga mai iƙama, tunda doka ta hana shi fakewa da sunan ɗan ƙasa. Baba ya ce zai je, saboda yaran nan.

Ni na riƙe hannunsa muka shiga. Sanyin na'ura kamar cikin firji, Baba yana rawar ɗari cikin tsohon kaftaninsa. Yaya yana can gefe cikin farar jallabiya da jan ɗankwali irin na Larabawa, ko kallonmu bai yi ba. Alƙalin yaro ne mai ladabi, ya ce wa Baba "ya walidi", wato babana, ya tambaye shi mene ne tsakaninsa da wanda ake ƙara. In Baba ya ce ɗana ne, tabi'iyyar Yaya da ta 'ya'yansa ta shiga uku. Sai ya ce, "Ɗan wana ne."

Alƙali ya nemi shaidu. Waɗanda suka shafa fatihar duk suna maƙabarta, Kawu kuwa mai ƙara ne. Sai alƙalin ya ce tunda babu hujja, saura rantsuwa: in Baba ya nema, wanda ake ƙara zai rantse da Allah cewa Baba ba shi da komai a ƙungiyar. Kawu ya ce, "Yalla, maza ya rantse mu gani!" Ni ma a raina na ce ba zai iya ba. Wallahi sai Yaya ya miƙe. Ya gyara ɗankwalinsa, ya buɗe baki.

Baba ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Bai dubi alƙali ba, bai dubi Yaya ba, ni ya duba. Ya ce, "Gaya wa wancan ya zauna. Kada ya rantse. Ba ni da komai a ciki."

Ban gaya masa ba. Karo na farko a rayuwata na ƙi kai saƙon. Amma ai ba kurma ba ne. Ya zauna. Baba ya maimaita wa alƙali da Larabcinsa na tasha, aka rubuta, aka rufe shari'a. Kawu ya bi mu har matattakala yana ihu, "Kyaftin, ka kashe mu! Ka kashe yaran mutane saboda yaro ɗaya!" Baba ya ce, "In ya rantse a kan ƙarya, wa zai tare masa?" Har yau Kawu in ya zo gaida Umma, ta bayan ɗakin Baba yake zagayawa.

Aka sayar. Aka naɗe kafet kamar tabarmar makoki. Yaranmu wasu suna wankin mota a Abhur, a bakin filin da ake buga wasan da sunan da ba mu iya faɗa. Baba yana nan, da la'asar sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana kallon titi.

Kada ka ce da Yaya kaɗai nake fushi. Da shi nake, ƙwarai kuwa, mutum ya miƙe zai rantse a gaban tsohon da ya ba shi har ƙasar da yake taƙama da ita. Amma ina fushi da Baffa da ya mutu bai gyara ba. Ina fushi da manyanmu da suka ɗauko kunyar Zariya suka dasa ta a Waziriyya, ba wanda ya taɓa zaunar da yaro ya ce masa ka ga wannan kau da kan, so ne. Suna ganin zai gane da kansa. A ina zai gane? A makarantar da kowane uba sunan ɗansa ne rawaninsa? Ni dai ɗana na fari sunansa nake ƙwalawa tun daga bakin layi, har Umma ta ce ba ni da ta ido. Na yarda, ba ni da ita. Na ga abin da ta saya mana.

Abu ɗaya na tsallake. Ranar shari'ar, na zaunar da Baba a inuwa na tafi ɗauko mota. Ina buɗe ƙofa sai na ji mutum a bayana. Yaya ne, shi kaɗai, ba lauya. Na riga na tanadi zagi iri-iri, na Hausa da na Larabci har da wanda na koyo a Karaci. Ya tsaya rana tana dukansa, ya cire tabarau, ya yi magana da Hausar da ya daɗe bai taɓa ba, tana fita a karkace.

Ya ce, "Kai da kake zama da shi kullum. Ko sau ɗaya, in ba na nan, ya taɓa faɗin sunana?"