Lambar Baba Sufeto

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni. Kafin in lalace mota nake ja, ina jigilar mutane tsakanin unguwannin Rusaifa da Shisha. Larabcina ba a bambanta shi da na 'yan ƙasa, Hausa kuwa sai a gida nake yin ta, da kakata Hajiya Goggo wadda ta rene ni.

Abin alfaharin gidanmu ɗaya ne, wata lambar tagulla da ke ƙasan akwatin Hajiya. Ta kakanta ce, Baba Sufeto. Bakatsine ne da ya gangara Ikko yana dako a zamanin tsohuwar Sarauniyar Ingila, tun Turawa ba su ci ƙasar Hausa ba. Ya shiga aikin ɗan sanda yana kurtu, ya zama kofur, ya zama saje, har ya kai inda baƙar fata ba ya wucewa a lokacin. Hajiya ta ce in zai kama mutum sai ya fara gaishe shi, kuma shekara talatin ko goro bai taɓa karɓa a hannun mai ƙara ba. Da ya ajiye aiki ya tako da ƙafa har Makka, shi ne mafarin zamanmu a nan. Ranar da na fara jan mota, Hajiya ta damƙa mini lambar, ta ce in riƙe ta da mutuncinta.

Ni abin da na tsinta a labarin daban ne, wato mutane na tsoron ɗan sanda. Wata rana wani lebura ɗan Nijar ya yi mini gardama a bakin hanya. Cikin wasa na ɗaga lambar daga nesa na ce, “Fen igama?”, wato ina takardar zamanka. Nan take ya cusa mini abin da ke aljihunsa ya ranta a na kare. Ban bi shi na mayar masa ba.

Daga nan na mai da abin sana'a. Farar jallabiya, jan ƙyalle a ka irin na Larabawa, baƙin tabarau. 'Yan'uwana Hausawa nake tarewa, don tun daga tafiyar mutum nake gane wanda takardarsa ta mutu. Su yi ta roƙo da Hausa, ni kuwa in yi kunnen uwar shegu.

Wani tsoho mai gadin gini a Shisha ne ya kawo ƙarshena. Na tare shi bayan La'asar, ya miƙo mini igamarsa. Ina ganin furfurarsa sai jikina ya yi abin da aka koya masa a gida: na rusuna, na karɓa da hannu biyu. Ya ƙura mini ido ya ce, “Ɗana, kai ɗan gida ne. Askari ba ya rusuna wa irinmu. Ɗan wa ne kai?” Leburorin ginin suka kewaye ni har 'yan sandan gaske suka iso.

Shekara uku na yi a kurkuku. Sau ɗaya Hajiya ta zo, ba ta kuma yi kuka ba. Ta ce, “An ce da hannu biyu ka karɓa.” Na ce haka ne. Ta ce, “To, ladabin ya zauna, sauran ne bai zauna ba. Ina lambar?” Na ce tana hannun hukuma cikin kayan shaida. Ta gyara mayafinta ta tafi. Ta rasu saura wata biyar in fito.

Da wa'adina ya cika, tun da ba mu da takardar 'yan ƙasa, sai aka sa ni a jirgi zuwa Kano, garin da ban taɓa gani ba. Lambar ba a dawo mini da ita ba. Tafiyar da Baba Sufeto ya sha shekaru yana yi da ƙafa, ni na warware ta a yini guda. Na tuba, ina kuma jin kunya har yau.

Ku matasa, ranar da wani ya ba ku abu don tsoro, ku bi shi ku mayar masa a ranar. Ni ban bi leburan nan ba. Yanzu kabarin Hajiya yana Makka, ni kuwa an hana ni shiga.