Ranar da Aka Gyara Idon Kyamarar Baba

Ranar wata Asabar ce, saura mako guda sallar layya, a shekarar da nake aji uku na firamare a Isa. Ina sharar zaure sai ga wani mahauci ya shigo, ya zube hotunan sunan ɗansa a gaban Babana, ya ce shi bai ga fuskar kowa a ciki ba. Baba ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Sana'arsa ke nan, ɗaukar hoto, da wata tsohuwar kyamara baƙa mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. Tun da ta suɓuce daga keke ta faɗi a hanyar Kurawa, duk hoton da ya wanke sai ya fito dishi-dishi. Da mutumin ya tafi na ɗauki hoto guda na duba. Ni ban ga aibinsa ba. Haka mutane suke a idona in sun ɗan yi nisa, sai na ɗauka mahaucin rigima kawai yake ji.

A lokacin sunana ya riga ya ɓaci a gidanmu. In an aike ni tsaron gero, tsuntsaye sukan ci rabin zangarniya ina zaune a kan rumfa ban kore su ba. Awaki sun sha ɓace mini a bakin fadama. Goggo ta taɓa kawo ƙarata wai na wuce ta a hanya ban gaishe ta ba. A makaranta kuwa layin baya ake ajiye ni don ina da tsawo, abin da ke kan allo sai in kwafa daga littafin maƙwabciyata, in ta rufe da hannu in sha bulala. Carafke kaɗai nake cinye kowa, don duwatsun a gabana suke. Inna takan ce, "Hadiza ba ta da mugun hali, hankalinta ne ba ya wuri guda." Har an fara maganar a cire ni daga makaranta in zauna gida in koyi aiki.

Baba ya samu labarin wani mai gyaran agogo da kyamara daga Maraɗi, Malam Sule, yana sauka Sabon Birni ranar kasuwa. Ya tafi da ni don in kai wa kakata saƙo. Muka tarar da dattijon a wata rumfa ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya kwance idanun kyamarar biyu da ƙananan sukurudireba, ya jera gilasan a kan ƙyallen, ya goge hunhunar da ta kama su, ya wanke tsohon mai da ya daskare ya sa sabo. Ya gaya wa Baba faɗuwar ce ta raba kan idanun, abin da na sama ya gani daidai, na ƙasa mai ɗauka bai kai gare shi ba. Sai ya buɗe bayanta ya kafa wani ɗan gilashi a wurin fim, ya auna wata giginya can bayan kasuwa, yana saka siraran zobba yana cirewa, har ya gamsu.

Baba bai taɓa barin yaro ya taɓa kyamarar nan ba. Malam Sule ne ya ga na ƙura mata ido, ya ce, "Taho ɗiyata, leƙa ki gani."

Na sunkuya na leƙa. Cikin ɗan gilashin da ake leƙawa ta samanta, wanda bai fi tafin hannuna ba, na ga giginyar da ganyenta, kowane reshe daban, har da tsuntsu a kai. Na ga wata Bafillatana mai nono can nesa, na ga zanen ƙwaryarta da 'yan kunnenta. Na ɗaga kai na dubi wurin, babu komai sai inuwoyi masu motsi. Na sake leƙawa, suka dawo.

Na ce, "Baba, haka kuke gani kullum?"

Ya ce, "Mi kika ce?"

Malam Sule ya ajiye abin hannunsa. Ya nuna wata mota a tsallaken hanya ya ce in faɗi abin da aka rubuta a jikinta. Na ce ban ga rubutu ba. Baba ya zauna a ƙasa, shi da ba ya zama ko a tabarma da fararen kaya. Ya dube ni ya ce a hankali, "Ashe duk dukan da anka yi miki." Bai ƙarasa ba. A mota muna komawa ya riƙe hannuna har Isa. Bayan sallah ya kai ni asibiti a Sakkwato aka yanka mini tabarau, aka mayar da ni layin gaba, maganar barin makaranta ta mutu.

Yanzu ni ma malama ce, kuma duk yaron da na ga yana matse ido nakan jawo shi kusa da allo kafin in tambaye shi komai. Kowa da wayar hoto a aljihu, masu gyara irin Malam Sule sun ƙare, hanyar Isa zuwa Sabon Birni da muka bi hankali kwance sai da addu'a ake shigarta. Baba ya rasu ina nesa. Nakan so a ce na samu ko sau ɗaya na gaya masa ban taɓa riƙe shi a zuciya ba.