Yamusa Mai Tauna Gamba

Duk wanda ya san Tungan Wakili kafin a zo da zancen babban birnin tarayya, ya san Yamusa. Tungar ba wani gari ba ce, gida goma sha ɗaya ne a bayan Yangoji, da rafi ta gabas, da ciyawar gamba mai shanye mutum ko da ya ɗaga hannu. Yamusa kuwa manomi ne ɗan Gbagyi, gajere mai faɗin kafaɗa, ba shi da sarauta ko ta unguwa. Abu ɗaya aka san shi da shi, wai yana cin ciyawa.

Ba ci na haɗiya ba ne, sharrin mutane ne. Da zarar ruwan sama ya ɗauke, kullum da safe sai ya zaga bayan gari ya fizgi karan gamba, ya ɓare gindin, ya sa a haƙoransa na ciki ta dama ya tauna, ido a lumshe. Sai ya tofar, ya girgiza kai, ya wuce gona. Hammawa, Bafulatanin da ke kafa rugarsa a tsallaken rafi kowace kaka, ba ya ganinsa ya ƙyale.

"Yamusa, in kiwo kake so ka shigo garke mana, mene ne na ɓuya?"

Shi kuma ya amsa da tasa Hausar, wadda ba ruwanta da mace ko namiji: "Saniyanka ma ya fi ka hankali. Shi ya san ciyawa, kai sai nono."

Wurin uwarsa ya koyi wannan tauna. Yana ɗan shekara tara wutar daji ta faɗa wa ƙauyensu da rani, ta lashe rumbuna kaf. Ranar ba wanda ya mutu, har ana ta barka da arziki. Sai da damina ta yi tsakiya, tukwane suka bushe, sannan aka fara binne yara, ciki har da ƙanwarsa. Shi ya sa Yamusa yakan ce gobara ba ranar da ta zo take kisa ba, sai bayan wata shida. Uwar tasa mai yankan ciyawar jinka ce, ta san gamba kamar yunwar cikinta. Ita ta nuna masa cewa in kara yana da ruwa sosai, wuta ba za ta kama ba. In ya bushe ƙayau ya karye a haƙori, za ta kama, amma ba mai iya tsayar da ita. Tsakanin nan akwai kwana uku ko huɗu da karan ke da ɗan zaƙi can ƙasa, yana lanƙwasa kafin ya fashe. A waɗannan kwanaki ne wuta ke ci da ladabi.

Ranar da ya ji wannan zaƙi, sai ya bi gida gida yana cewa, "Jibi." Kowa ya san nufinsa. Mata su yi maza su yanke ciyawar rufin ɗakinsu, Hammawa ya kora shanu kudu, maza su saro ɗanyun rassa. Jibi da yamma, iska ta kwanta, Yamusa ya sa wuta, ana binta ana bugu, har a kewaye tungar da baƙar hanya mai faɗin taki arba'in. Shi yake ce mata ɗamara. In wutar mafarauta ta taso da rani, tana zuwa bakin ɗamara sai ta rasa abin ci ta mutu. Shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya taɓa ba shi ko goro, kuma ko rumbu ɗaya bai ƙone a tungar ba. Mutum kuwa in ya daɗe bai ga masifa ba, sai ya ɗauka ita ce ta manta da shi.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, wata rana da kaka sai ga wani saurayi a kan keke, sanye da kaki mai guga, ya taho daga Abuja, wato tsohuwar, wadda yau ake kira Suleja. Sunansa Dallatu, sabon malamin daji. Ya tara mutane gindin ɗorawa ya karanta takarda: hukuma ta hana sa wa daji wuta, ko da wane dalili, kuma wanda aka kama zai kwana gidan yari. A faɗi gaskiya, yaron ba mugu ba ne. Da idonsa ya ga gandun itatuwan da aka yi shekara bakwai ana raino ya zama gawayi rana ɗaya, saboda wani yana neman gafiya. Abin ya tsaya masa a rai.

Yamusa ya miƙe, ya cire hula. "Malam, wutan nan biyu ne fa. Akwai na ɓarna, akwai na tsaro."

"Baba, takarda ba ta ce biyu ba," in ji Dallatu. "In hanyar tare wuta kuke so, ga adda, ku sare."

"Malam, ka taɓa sare gamba?"

Aka kwashe da dariya. Dallatu ya ji kunya, kunyar ta zama fushi, ya hau kekensa yana cewa shi dai ya isar da saƙo.

Yamusa mutum ne mai tsoron hukuma, don haka ya bi doka. Amma bai daina tauna ba. Zaƙin ya zo wata safiyar Talata, ya tsaya da karan a baki kamar wanda aka yi wa mutuwa, bai ce wa kowa jibi ba. Ran Juma'a zaƙin ya wuce. Aka fito da adduna, kwana biyu ana sara, sai dawa ta nuna, kowa ya zame ya tafi girbinsa. Ba laifinsu ba ne, ciki ba ya jira. Yamusa kaɗai ya rage yana sara, mako uku, har ya samu wata siririyar hanya mai faɗin taki goma ta gefen gabas. Tasa dawar sai da kowa ya gama sannan ya yanke, ya ɗaure dammuna, ya jingine su a gona, tsakanin hanyar da ya sare da rafi. Matarsa Asibi ta yi magana har ta gaji.

"Maigida, na kowa yana rumbu, namu yana daji. Kai ne uban gari?"

Ya ce mata gobe za su fara kwasa. Goben ta faɗo ranar kasuwar Kwali, maza duk sun tafi. Rana ta take tsaka sai ga hayaƙi ta arewa maso gabas, shirwa na shawagi a kansa suna cafkar fara. Kafin a ce kwabo ana jin ƙarar gamba tana fashewa. Hammawa ya ɓullo a guje, ya ce wutar ta tsallake rafi ta sama, inda ruwa ya ƙafe.

Yamusa ya dubi hanyarsa mai taki goma, ya dubi tsawon harshen wutar, ya san tsalle ɗaya za ta yi. Bayansa rumbunan gida goma sha ɗaya ne, cike, kowanne da hular ciyawa busasshiya. Dabara ɗaya ta rage. A sa wata wutar daga bakin hanyar, ta tafi ta tari wadda ke zuwa, ta cinye mata abinci kafin ta iso. Abin da za ta fara ci kuwa gonarsa ce, da dammunansa.

Ya ce wa Hammawa ya koro shanu su bi ta kan hanyar su tattake sauran ciyawar. Ya sa mata su saro rassa, tsofaffi su ɗebo ruwa su jiƙa hulunan rumbu. Sannan ya shiga madafin Asibi ya zaro itace mai wuta. Ta ga inda ya nufa, ta sha gabansa.

"Maigida, abincinmu ne!"

"Na sani."

Asibi ta kauce masa. Ta ruga gonar, ta saɓa dami ɗaya a kafaɗa irin ɗaukar matan Gbagyi, ta fito tana kuka. Shi ke nan abin da suka tsira da shi na noman shekara. Yamusa ya bi bakin hanyar yana dangwala wuta, mata na biye suna buge duk wadda ta juyo gari. Cikin hayaƙin wani bijimi ya firgita ya kaɗa kai, ƙahonsa ya sami Yamusa a muƙamuƙin dama. Ya faɗi, ya tashi, ya tofar da jini da haƙora, ya ci gaba. Wutarsa ta ja jiki a hankali, ta cinye dammunan, can ta haɗu da babbar a tsakiyar gona. Suka yi sama da ƙara mai firgitarwa, sannan suka faɗi tare.

Ana cikin haka ne Dallatu ya iso, hayaƙi ya jawo shi. Ya yar da keke, ya karɓi reshe a hannun wata tsohuwa, ya yi ta bugu har kakinsa ya koma baƙi. Da ƙura ta lafa sai ya juya ya ga Yamusa tsaye, itacen wuta na hannunsa har yanzu. Matan suka yi caa, wai wutar mafarauta ce, wai itacen tsinta ya yi. Hammawa, da tazbaha a wuya, ya buɗe baki zai taya su. Dallatu kansa ya sunkuyar da kai, kana ganinsa ka san so yake a yi masa ƙaryar.

Yamusa ya ce, da kumburarren baki, "Malam, ni na sa. Ka rubuta. Amma ka rubuta rumbu nawa ya ƙone."

Ko ɗaya bai ƙone ba. Dallatu ya rubuta duka biyun. A gaban alƙali ya tashi ya faɗi abin da ya gani, ya roƙa. Alƙali ya ce ya ji, amma doka ba ta ce wuta biyu ce ba, kuma mai laifi ya amsa da bakinsa. Aka ba Yamusa wata ɗaya. Ni dai har gobe abin yana ba ni haushi, ko da yake ban san wanda zan ɗora wa ba.

Da ya fito, mutanen tunga ba su bar gidansa da yunwa ba, Hammawa ma kullum sai ƙwaryar nono ta tsallako rafi. Amma cin tuwon wani yana da nauyi ga manomi, Yamusa ya rame. Asibi ta yi wata biyu tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba, sai ranar shuka, da ta kwance damin nan guda ta miƙa masa iri. Muƙamuƙin kuwa bai koma daidai ba. Haƙoran da suka rage suka yi ta zuba ɗaya bayan ɗaya, har ya koma shan kunu da ɗumame mai laushi.

Dallatu bai huta ba. Shekara uku yana rubuta wa manyansa takarda kan a halatta wutar tsaro, ana mayar masa, yana sake rubutawa. Shekara uku tungar na sara da adda, ana kwana da fargaba duk rani. A kaka ta huɗu sai ga shi a kan keke da sassafe, yana murmushi tun daga nesa. An yarda a sa wutar ɗamara a kewayen ƙauye, in malamin daji yana wurin.

"Baba, sun ce wuta biyu ce. Saura ka faɗa mana rana."

Duk tungar ta bi su bayan gari. Yamusa ya fizgi karan gamba, ya ɓare gindin kamar yadda ya saba, ya kai baki. Ya juya shi dama, ya juya hagu. Dasashi ne kawai, karan ko gezau. Ya ciro shi ya tsaya yana dubansa, hawaye na bin kumatunsa, bai share ba.

Dallatu ya ce a hankali, "Baba, ko a daka a kan dutse ka lasa?"

"Dutse ba ya jin yadda yake fashewa," in ji Yamusa. "Sai haƙori."

Ya dubi mutanen tunga. Shekara da shekaru suna yi masa dariya, ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake ji a cikin karan, yanzu kowa ya sadda kai. Sai Dallatu ya cire hularsa ta aiki ya ajiye a sirdin keke, ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu. Yamusa ya fizgo sabon kara ya ba shi.

"Na ciki, ta dama. Kada ka yi sauri. Ya karye ko ya lanƙwasa?"

Malamin daji, da kakinsa mai guga, ya lumshe ido a gaban mata da yara yana tauna ciyawa. Hammawa ya ce, "Allahu akbar, garke ya ƙaru," amma ba wanda ya yi dariya.

"Ya lanƙwasa tukuna, Baba, sannan ya fashe."

"Ruwa fa?"

"Kaɗan. Akwai ɗan zaƙi, can ƙasa."

Yamusa ya goge fuska da bayan hannu. Ya juya zai bi gida gida, sai ya tsaya, ya kamo hannun Dallatu ya tashe shi.

"Kai ka ji, kai za ka faɗa. Je ka ce musu jibi."