Warin da na ji a jikin ɗan yayata

Duk wanda ya ce maita ce ta kama ni shekarar korona, ƙarya yake yi. Hancina ne ya lalace, shi ke nan.

Zazzaɓi na yi da mura, na tashi ba na jin ƙamshin komai. Da hancin ya dawo kuma sai ya dawo a karkace. Albasa, sabulu, jikin mutane, duk warin ƙonannen nama suke yi min.

Ranar sunan ɗan yayata aka miƙo min jaririn. Ni da bakina ba linzami, na ce, "Yaya, yaron nan warin ƙonannen nama yake." Surukar yayata ta karɓe shi daga hannuna. Ba a jima ba zazzaɓi ya kama shi. Ya warke, amma daga nan in na yi sallama sai a goya shi a shige ɗaki. Ƙarshe yayata ta aiko cewa in dakata da zuwa.

Mahaifiyata ta turara ni da hayaƙin magani. Kowa na tari yana gudu, ni ina zaune, naman nan kawai nake ji. Aka ce to kun gani, maita ce.

Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar ƙabilar Eggon, ita kaɗai ta saurare ni. Ta ce, "Ke ba mayya ba ce, jijiyar hanci ce ciwon ya taɓa." Ta sa ni cin kifi mai maiƙo, titus da sardin, da riɗin Doma, ta haɗa min da ƙwayar man kifi. Ta ce ba ta yi min alkawari ba, a gwada dai. Kifin ma wari yake min, ina toshe hanci ina haɗiya.

Kifin ne ko lokaci ne, ban sani ba. Wata rana dai na ji daddawa a miya, daddawa sak.

Har yau wani lokaci a cikin kasuwa sai mutum ɗaya ya gifta, shi kaɗai, warin ya taso. Ba na waiwayawa in ga ko wane ne.

Ranar daddawar nan na yanke shawarar ba zan jira a kira ni ba. Zan je gidan, in ɗauki yaron a gaban kakarsa, in sa hancina a wuyansa, duk abin da na ji in haɗiye shi.